An Ce Kaina Ba Na Sayans Ba Ne

A Tudun Wadar Kaduna aka haife ni, ni ce ta uku a ɗakinmu. Babanmu tela ne a Kasuwar Barci, Innarmu kuma tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Ba gidan 'yan boko ba ne, amma Baba ba ya wasa da karatu: asuba allo, hantsi boko, yamma Islamiyya. Tun ina firamare nake cewa nas zan zama. Ba sanin aikin na yi ba, wata maƙwabciyarmu ce nake gani tana fita da fararen kaya, in ta dawo mata su cika mata tsakar gida, wannan a gwada mata jini, wannan a karanta mata takardar magani.

Da muka shiga babbar sakandare na zaɓi ajin sayans. Mun haura ɗari a aji. Akwai ɗakin gwaje-gwaje, amma kullum da kwaɗo a ƙofarsa. Malamin Fiziks ya bar makarantar muna aji huɗu, ba a kawo wani ba sai gab da jarrabawa. Na Kemistiri kuwa yana zuwa, ya cika allo da rubutu, mu kwafa, ya goge, ya sake cikawa. Haddacewa kawai nake yi, ban san me nake haddacewa ba. Wata rana na yi ƙarfin hali na ɗaga hannu na ce, "Malam, don Allah ban gane yadda aka samo wannan amsar ba." Ya dube ni ya ce, "Ke, ba kowane kai ne na sayans ba. Irinku aure ya fi dacewa da ku." Aji ya kwashe da dariya. Ina jin kafin a tashi makaranta ya manta ya faɗa. Ni kuwa na ƙulle maganar a zuciya, da ita na tafi gidan miji.

A 2011 sakamakon WAEC ya fito: Turanci C6, Bayoloji C5, Lissafi D7, Fiziks E8, Kemistiri F9. Makarantar nas kuwa kiredit biyar take nema, a waɗannan darussa biyar ɗin cif, kuma kiredit daga A1 zuwa C6 yake tsayawa. Ban yi kuka ba ranar. Abin da na ji ya fi kuka muni, domin ji na yi takardar ta gaskata Malam. Shekarar da ta biyo baya aka yi mini aure, na tare a Rigasa. Maigidana bakanike ne a Panteka, mutum mai haƙuri. Na ninke takardar na cusa a ƙasan akwati, na ce shi ke nan, kowa da inda Allah ya aje shi.

Ɗanmu na fari bai kai shekara ba hannayensa da ƙafafunsa suka fara kumbura, ya kwana yana tsala kuka, in ka taɓa shi kamar ka taɓa gyambo. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce haƙori ne. Da aka yi gwaji a asibiti aka ce sikila ce. A lokacinmu, a unguwarmu, ba kowa ya san da gwajin jini kafin aure ba. Daga nan asibiti ya zama gidanmu na biyu, musamman in hunturu ya shigo ko damina ta yi nisa. Akwai maganganu da na sha daga wasu dangi, cewa ciwon daga wajenmu ya fito, tunda su ba a taɓa yi a zuriyarsu ba. Ba ni da amsa, don ni ma ban sani ba.

A ɗaya daga cikin kwanakin asibitin nan ne na haɗu da matar da ta juya mini tunani. Dare ya raba, an saka wa yaron ƙarin ruwa, sai na ga nas ɗin ta tsaya ta ƙura wa robar ido, tana duban agogon hannunta, leɓenta na motsi. Ta murɗa 'yar tayar, ta sake ƙirgawa. Na ce, "Sista, me kike ƙirgawa haka?" Ba ta ƙyale ni ba kamar yadda na zata. Ta jawo kujera ta nuna mini cewa ruwan nan ba sakinsa ake yi kawai ba, an auna nauyin yaro, an san yawan da zai shiga jikinsa a cikin awa, kuma in ya yi sauri zai iya yi wa zuciya da huhunsa yawa. Washegari da dare ni na kira ta na ce ɗigon ya ragu, ga alama hannunsa ya lanƙwashe. Ta gyara, ta dube ni ta ce, "Maman yaro, kin yi makaranta ko?" Na ce, "Na yi, Sista, amma kaina ba na sayans ba ne." Ta ce, "Wa ya auna kan?"

Tambayar nan ta hana ni barci fiye da kukan yaron. Wa ya auna? Mutum ɗaya ne, a aji mai mutum ɗari, da bai ma san sunana ba.

Na daɗe ina juya abin kafin in gaya wa maigida, lokacin har na haifi ta biyu. Ya yi shiru ya ce, "In kin ga za ki iya, kuɗin fam dai a kaina." Hajiyarsa ba ta so ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce, "Yarinya, 'ya'ya biyu, ɗaya ba lafiya, ina ke ina komawa benci?" Innata ce ta raba gardamar, ta ce a riƙa kawo mata yaran Tudun Wada, ai ba ta tsufa da goyo ba.

Na shiga lesin da yamma tare da 'yan shekara 16 da 17. Suna ce mini Anti, suna ba ni kujerar gaba don girmamawa, ni kuwa ta baya nake so, inda ba za a ga littafina ba. Malamin zai rubuta abu, yara su amsa baki ɗaya, ni ina zaune ina gumi. Na koma tsohuwar hanyata ta hadda. A ƙarshen 2017 na zauna jarrabawar 'yan waje ta WAEC. Lissafi da Fiziks da Bayoloji suka fito da kiredit, da ƙyar. Turanci ya sauka D7 saboda na yi watsi da shi. Kemistiri ma D7.

A nan akwai abin da nake so duk mai niyyar karatun nan ta sani tun da wuri, don ni sai da na shiga ciki na gane nauyinsa. Ba a yarda a haɗa takardar sakamako fiye da biyu. Wato ba zan ɗauko Turancin 2011, in haɗa da Lissafin 2017, sannan in je in nemo Kemistiri shi kaɗai a takarda ta uku ba. Duk takardar da zan sake yi, dole ita da guda ɗaya tak su cike biyar ɗin. Saboda haka ba Kemistiri kaɗai ke gabana ba, har da Turancin da na riga na ci a baya.

A shagon intanet aka buga mini sakamakon. Na fito na kama tafiya a ƙasa, masu keke suna ta yi mini hon, ban ma san na wuce tashar ba. Muryar Malam ta dawo sabuwa fil. Na ce da kaina, kuɗin da maigida ya tara da baƙin mai a hannu, ga inda na kai shi. Na yi makonni ban buɗe littafi ba. In na ga nas a asibiti sai in sunkuyar da kai, kamar wadda ta ci bashi.

Cikin wannan halin ne wata 'yar'uwa ta zo mini da abin da ta kira taimako. Ta ce akwai santa ta musamman a wajen gari, a biya kuɗi, a rubuta amsa a allo, kowa ya kwafa. "Yaya, kowa fa haka yake yi. Takarda kawai ake nema, in kin shiga makarantar sai ki yi karatun." Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni, har na fara lissafin sayar da 'yan kunnena. Abin da ya tsayar da ni shi ne hoton nas ɗin nan tana ƙirga ɗigo a kan ɗana. Na tambayi kaina: da a ce takardarta saye ta yi, zan yarda ta taɓa robar? Na kuma san wani abu game da kaina. In na shiga ta wannan ƙofar, har in mutu zan ci gaba da yarda cewa Malam ya yi gaskiya. Na ce mata na gode, Allah ya bar zumunci.

Sistar nan ce ta sake ceto ni. Mun haɗu a asibitin masu sikila, na gaya mata abin da ya faru, sai ta ce tana da gwaggo, tsohuwar malamar Kemistiri da ta yi ritaya, tana zaune a Narayi. Duk ɗan Kaduna ya san abin da tsallaka gada yake nufi tun bayan rikicin 2000, yadda garin ya rabu, kowa ya koma ɓangaren da ya fi jin natsuwa. Akwai waɗanda suka ce me zai kai ni can da hijabi. Maigida ne ya kai ni da kansa ranar farko. Matar 'yar Kudancin Kaduna ce, Kirista, Hausarta ta fi tawa daɗi. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini 'yata. In Azahar ta yi, da kanta take tsayar da karatu ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakin baƙi.

Ranar farko ba ta taɓa Kemistiri ba. Ta yago takarda ta rubuta 'yan tambayoyi: 3/4 a tara da 1/2, 0.5 sau 0.2, sannan in lemo uku sun kama naira kaza, nawa bakwai za su kama. Na lemon na ba ta amsa da ka. Sauran kuwa na yi ta kewaye. Ta ajiye tabarau ta ce, "'Yata, ba Kemistiri ne ya kayar da ke ba. Tun aji huɗu na firamare aka bar miki rami, kowa ya zo sai ya yi gini a kansa." Ta ce in je in sayo littafin Lissafi na firamare biyar da na aji ɗaya na sakandare. Na ji kunya ƙwarai, mace da 'ya'ya biyu da kiredit a Lissafi, har na naɗe bangon da jarida don kada ƙannen maigida su gani. Amma a cikin kunyar akwai wani sauƙi da ban taɓa ji ba. Karo na farko ke nan da wani ya nuna mini takamaiman wurin da matsalar take, wurin da ake iya gyarawa.

Sai da muka daɗe a kan ɓangarorin lamba da ɗigon goma, wato ɗigon da ke cikin lamba irin 0.5, kafin ta kawo ni kan mol, abin da ya fi komai firgita ni. Ta ce, "Dozin na ƙwai nawa ne?" Na ce 12. "Dozin na kankana fa?" Na ce 12. "Nauyinsu ɗaya?" Na ce a'a. Ta ce to mol ma ƙidaya ce, sai dai ƙwayoyin sun yi ƙanƙanta ainun, shi ya sa adadin ya zama 6.02 sau 10 mai ƙarfin 23. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, na gishirin miya giram 58.5, adadin ƙwayoyi ɗaya, nauyi daban. Na zauna ina kallonta. Shekarun da na yi ina gudun kalmar nan, ashe abin da ke cikinta ke nan.

Wata rana ta ce in zo da zoɓo, da lemon tsami, da kanwa. Ta zuba zoɓon a kofuna biyu na gilashi. Na matse lemon a ɗaya, ya ƙara ja jawur. Na zuba ruwan kanwa a ɗayan, ya rine ya koma duhu-duhu mai ratsin kore. Ta ce, "Me ya sa Innarki ke saka kanwa a miyar yakuwa?" Na ce don ta kashe tsami. Ta ce, "To kin daɗe kina Kemistiri a madafi, suna ne kawai ba a gaya miki ba." Bayan haka ta aro kayan gwaji a wata makaranta, na riƙe famfon bututun da hannuna ina sakin asid ɗigo-ɗigo har ruwan ɗorawar da ke cikin kwalbar ya juya launi. Jarrabawar 'yan waje a takarda ake amsa ɓangaren gwaji, amma Mama ta ce ba za ta bari in rubuta abin da idona bai gani ba.

Babin gado a Bayoloji kuwa a gida na karanta shi ni kaɗai, da tocilar waya, babu wuta. Na zana akwatin nan mai gida huɗu, na sa AS a sama, AS a gefe. AA mai lafiya ɗaya, AS mai ɗauke da ƙwayar ciwon biyu, SS mai sikila ɗaya. Kowane ciki, ɗaya cikin huɗu. Ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, ba yadda za a yi ya fito daga ɓangare guda. Na kifa kaina a kan littafin na yi kukan da na daɗe ina riƙewa. Da safe na zana wa maigida, shi kuma ya ɗauki takardar ya kai wa Hajiya. Tun daga ranar ban sake jin waccan maganar a gidan ba.

Yadda na riƙa karatu ba wani sirri ba ne. Bayan sallar asuba kafin yara su tashi, nan ne lokacina mafi tsada. Na daina kwafar littafi, na koma warware tambayoyin shekarun baya, in na kasa in yi alama in kai wa Mama. Ta kafa mini sharaɗi ɗaya: duk abin da ban iya bayyana shi da Hausa ba, ban gane shi ba. Saboda haka in na je ɗauko yara Tudun Wada, Inna na surfen wake ina yi mata bayanin yadda jini ke zagaya ɗakuna huɗu na zuciya. Takan ce, "Ikon Allah, duk a cikin ƙirjin nan?" Wani lokaci tambayarta ce ke nuna mini inda ban gane ba.

A 2018 na sake zama. Kemistiri C4, Turanci C6. Na haɗa da takardar 2017, biyar suka cika. Mama na fara kira, ta yi ta cewa "Mun gode Allah" har muryarta ta shaƙe.

Na ɗauka in na samu shiga shakka za ta tafi. Ba ta tafi ba. A 2019 na ci jarrabawar shiga da ta baki, aka ɗauke ni, sai ga PTS, wata shidan farko da ake tankaɗe ɗalibai. Makin ci 50 ne, wanda bai kai ba a ƙarshe ya tattara kayansa. Ƙasusuwa 206, kowanne da sunansa na Latin ko Girkanci, jijiyoyin kai 12, ga ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta, ga Fiziks da Kemistiri sun sake biyo mu. Gwajin farko na ilimin sassan jiki ban kai 50 ba. Na dubi 'yan matan da suka zo da A1 da B2, na ce wataƙila iyakata ke nan. Sai dai a wannan karon na san abin yi. Maimakon in tambayi kaina ko ina da kai, sai na tambayi ina ramin yake. Na gano sunayen ne ke ruɗa ni, ba aikin gaɓoɓin ba, na zauna na koyi gutsattsarin kalmomin da ake harhaɗa su da su. Na kuma koyi ɗaga hannu. Zuciyata na dukan uku-uku, amma ina ɗagawa.

Ana saura kwanaki jarrabawar PTS ciwon yaron ya tashi, aka kwantar da mu. A gefen gadonsa na yi bitar ƙarshe, hannu ɗaya ina shafa masa baya. Da aka kafe suna, nawa na ciki. Wasu daga cikin masu manyan takardu ba su tsallake ba, kuma ɗaya ta gaya mini tana kuka cewa santa aka biya mata. Ban yi mata dariya ba, tausayi ta ba ni, domin ita ma rami aka bar mata, sai aka rufe shi da takarda. Iyayen da ke biyan kuɗin nan suna ganin gata suke yi, alhali ranar kunya kawai suke ɗaga wa 'ya'yansu.

Sauran shekarun sun zo da nasu. A watan Maris na 2020 korona ta sa aka rufe makarantu, muka zauna a gida, karatu ya ja. Daga baya muka zauna jarrabawar Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda sai da ita ake samun lasisi, Allah ya ba ni sa'a. Yanzu tsarin shiga ya sauya, yawancin makarantun sun koma kwalejoji kuma ta JAMB ake bi, amma darussa biyar ɗin nan suna nan daram.

A ɗakin yara nake aiki yau, kuma babu ranar da lissafin Mama ba ya fito mini. Ledar ruwan gishiri da aka rubuta 0.9 a jikinta, na san giram 9 ne na gishiri a lita ɗaya. In likita ya rubuta farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, yaro mai kilo 8 zai sha 120, wato mililita 5 na ruwan maganin da aka saba. In aka ce babba ya sha mililita 500 a awa huɗu da robar da ke ba da ɗigo 20 a kowane mililita, na san kusan ɗigo 42 zan ƙirga a minti. Ɗigon goma ɗaya in ya kauce a maganin jariri, an ninka shi sau goma. Shi ya sa ba na goyon bayan masu cewa a sassauta sharaɗin sayans. Abin da nake so a gyara shi ne koyarwar, a buɗe ɗakunan gwajin nan, a daina yanke wa yarinya hukunci da baki.

Shakkar takan leƙo har yanzu, musamman in aka kawo sabuwar na'ura ko likita ya yi tambaya a gaban mutane. Nakan ce ban sani ba, a nuna mini. Ɗana ya shiga sakandare, yana shan magungunansa, ya san ya riƙa shan ruwa da yawa, kuma shi ke yi wa abokansa bayanin AS da SS.

Ranar Asabar in ba ni da aiki, mata kan taru a tsakar gidana a Rigasa, yawancinsu masu aure da ke son komawa. Takardar Mama nake fara ba kowacce. Akwai wata mai 'ya'ya huɗu da za ta zauna NECO bana, mol ya zauna mata, amma har yanzu tana rikicewa in aka ce ta raba da 0.25. Na ce Asabar mai zuwa ta zo da littafin Lissafin ɗanta na aji biyar.